Idan fitilar burki ta ƙi mutuwa, fara leƙa ƙarƙashin sitiyari

Wayarin mota ne sana'ata, a nan Agege. Ana yawan kawo mini motar da aka kashe, aka zare makulli, amma jar fitilar bayanta tana nan a kunne. Wasu sai maigadin layi ya ƙwanƙwasa musu ƙofa da dare suke sani, wasu kuma sai da safe mota ta ƙi tashi. A yawancin motoci fitilar burki ba ta jiran makulli, kuma kowane ƙwai yana cin wat 21, don haka dare ɗaya ya isa ya ƙwanƙwaɗe batir, balle batirin da ya tsufa.

Batir ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne na bayanka. A cunkoson titin Ikorodu ko kan gadar Third Mainland, inda danfo, wato bas ɗin haya, ke manne da bayan motarka, da fitilar nan kawai direba zai san ka taka burki. In kullum a kunne take, ba ta gaya masa komai.

To, ɗan'uwa, kafin ka bari wani ya fara yanka maka waya, ɗauki tocila ka durƙusa ta ƙofar direba. Sa hannu ka ja fedar burki sama. In fitilar ta mutu, fedar ce ba ta komawa mazauninta: ko kafet ya tokare ta, ko sifirin ɗinta ya saki.

In ba ta mutu ba, dubi kan kafet. Ka ga ɓurɓushin roba, ƙanana kamar an farfasa maɓalli? Shi ke nan, ka gano cutar. A saman ƙarfen fedar akwai makunni mai ɗan tsinke a bakinsa, aikinsa irin na fitilar firji: a danne yake sai fitila ta mutu, a sake shi ta kama. Abin da ke danne tsinken wata 'yar roba ce da aka cusa a rami a jikin fedar. Zafi da shekaru su busar da ita, wata rana ta ruguje, sai tsinken ya zarce cikin ramin babu abin da ke tare shi. Na fi ganin haka a tsofaffin Honda da Toyota da Hyundai, irin tokumbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, da suka cika garin nan.

Robar ba ta da tsada, ana samunta a kasuwar kayan mota ta Ladipo da shagunan kayan gyara na unguwa. Danna fedar da hannu ɗaya don wuri ya buɗe, ka cusa sabuwar a ramin har ta zauna daram. In dare ya yi maka, ɗaura ƙaramin ƙusa mai noti a ramin, kansa na fuskantar tsinken, zai kai ka gobe. Ban cika son a liƙa kwandala da salatif ba, don zafin Legas yana narka gam ɗin cikin kwana kaɗan.

In robar lafiyarta ƙalau, zare soket ɗin da ke bayan makunnin. Fitila ta mutu? Makunnin ne, ko ya goce ko ya maƙale daga ciki. Wani ana murɗa shi kaɗan ya fito, wani yana da noti da ake sassautawa a matso da shi. Kada ka matse shi har ya riƙa tura fedar ƙasa, don burki zai iya riƙa kamawa kana tafiya. In saya za ka yi, tafi da tsohon a hannu, saboda akwai mai baki biyu, akwai mai huɗu.

Wanda ba zai iya gyara a daren ba, ya cire fis ɗin da aka rubuta STOP a kansa, ko ya kwance kan batir na baƙar waya da sufana mai lamba 10. Amma don Allah kada a hau titi ba a mayar da fis ɗin ba. Babu fitilar burki ko kaɗan, kuma a mota otomatik giya na iya ƙin fita daga P.

Idan ka zare soket fitilar tana nan a kunne, wuta na shigowa ta wata hanya. Buɗe but ka duba ƙwayayen. Gurbin da aka yi wa ƙwai mai zare biyu, in aka tura masa mai zare ɗaya, yakan haɗa layin ƙaramar fitila da na burki. Alamarsa, matsalar ba ta tashi sai ka kunna fitilun dare. Da damina kuma ruwa kan shiga gidan fitilar, musamman motar da ta ratsa ambaliya, soket ya yi tsatsa ya haɗe. Busar da shi, ka kankare tsatsar. In duk wannan bai yi ba, wayoyi ne suka goge suka haɗu a wani wuri, wannan kam kai wa mai wayarin da ke da mita, ya bi layin a hankali.

Bayan kowane gyara, sa wani ya tsaya a baya, ka taka ka saki sau da yawa, ya tabbatar har fitilar burki ta saman gilashin baya tana kamawa tana mutuwa.