Yadda Na Tsayar da Yoyon Na'urar Musayar Zafi

A matatar man da nake aiki, gaskit (abin da ke toshe mahaɗar ƙarafa don hana yoyo) na wata na'urar musayar zafi, wadda ke sanyaya zazzafan mai da ruwa ba tare da sun gauraya ba, yakan yi yoyo duk lokacin da aka rufe bawul ɗin shiga da na fitar ruwan sanyaya, alhali zazzafan mai yana ci gaba da wucewa ta ɗaya ɓangaren. Ruwan da aka kulle yana ɗumama ya nemi faɗaɗa, kuma tunda ruwa ba ya matsuwa, matsi yana hawa da sauri. Bisa ƙa'idar API 521, wadda ta tsara yadda ake sakin matsi a masana'antar mai, na ɗaura ƙaramin bawul na sakin matsi mai mashigar inci ¾ da mafitar inci 1 a bututun fitar ruwan, kafin bawul ɗin rufewa, na saita shi kada ya wuce matsin da aka ƙera na'urar ta ɗauka. Ƙarami ya wadatar, domin ruwa kaɗan yake fitarwa zuwa magudana, kuma yoyon ya tsaya.