Masu shirya gudun sadaka, ku bar buga riguna

Jama'a, in za ku shirya gudu don tunawa da mahaifi ko mahaifiya, kada kuɗinku su tafi wajen buga riguna.

Ku sayi yadi kala ɗaya a kasuwa, tela ya yayyanka, kowa ya ɗaura a damtse. Shi ke nan.

Bara muka yi wa Inna, Allah Ya ji ƙanta, sankarar mama ce ta ɗauke ta. Ruwan hoda muka zaɓa, kalar watan Oktoba na yaƙi da cutar. Muka tashi bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ƙanwarta, mai shekara 60, da ƙyallen a hannu ta taka har ƙarshe tana share hawaye.

Riga sau ɗaya ake sa ta, ta koma tsumma. Kuɗin rigunan kuwa sun isa kuɗin motar mara lafiya daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, inda cibiyar kula da masu kansa take. Mu mun san wannan hanyar, mun sha ta da Inna.

Amma in wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyi, yana son sunansa a riga, ku karɓa. Haka in da yara za ku bi babban titi, ƙyalle bai isa ba, ku sa musu abin da 'yan kabu-kabu za su hango tun daga nesa.