Yadda ake gwada tasirin furotin mai sarrafa ƙwayoyin gado a sankarar furostet

A cikin ƙwayar sankarar furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) akwai furotin da aikinsu shi ne su zauna a kan DNA su kunna wasu ƙwayoyin gado, su rufe wasu. Jagoransu shi ne AR, mai karɓar sinadarin maza, kuma tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa rage wannan sinadari yana sa cutar ta lafa. AR ba ya aiki shi kaɗai, domin wani furotin mai suna FOXA1 ne ke buɗe masa wurin zama a DNA ɗin da ke naɗe. Wanda ke zargin wani furotin da irin wannan aiki, ga hanyar da zai bi.

Da farko zai zaɓi ƙwayoyin gwaji, kuma iri ɗaya bai isa ba. Irin ƙwayoyin da ake kira LNCaP suna da AR, PC-3 kuwa, waɗanda aka samo daga sankarar da ta kai ƙashi, kusan ba su da shi. Ana renonsu a zafin digiri 37 na ma'aunin Celsius.

Daga nan sai ya hana ƙwayoyin ƙera furotin ɗin, ko da siRNA, mai toshe saƙon ƙera shi na 'yan kwanaki, ko da CRISPR, mai yanke ƙwayar gadonsa a DNA dindindin, ya ajiye wani rukuni da bai taɓa furotin ɗinsa ba domin kwatanci, sannan ya auna ya tabbatar furotin ɗin ya ragu da gaske.

Mataki na uku shi ne ƙirga ƙwayoyin da suka rayu kowace rana, tare da duba caspase-3, furotin da ke kunnuwa idan ƙwaya na mutuwa, domin a bambance waɗanda suka mutu da waɗanda suka daina rabuwa kawai.

Gwajin yaɗuwa shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Ana karce layi a tsakiyar faranti mai cike da ƙwayoyi, a riƙa ɗaukar hoto ana duba yadda giɓin ke rufewa, ko a zuba su a kan matata mai ƙananan huda da aka shafe da Matrigel (wani abu mai kauri da ke kwaikwayon shingen da ke tsakanin ƙwayoyin jiki), a ƙirga waɗanda suka ratsa. Sai dai ƙwayar da ke mutuwa ba ta tafiya ko'ina, giɓin kuma yana iya rufewa saboda yawan rabuwa, ba saboda motsi ba. Don haka a ganina duk sakamakon yaɗuwa da ba a haɗa shi da ƙirgar rayayyu a lokaci guda ba, bai kamata a gina magana a kansa ba. Shi ya sa ake taƙaita gwajin, ko a sa maganin da ke tsayar da rabuwa.

Bayan haka ana amfani da ChIP-seq a gano wuraren da furotin ɗin ke zama a DNA, a ga ko yana kusa da ƙwayoyin gadon da AR ke kunnawa, kamar KLK3 mai samar da PSA, furotin da ake aunawa a jini wajen binciken sankarar furostet. Sannan a mayar da furotin ɗin cikin ƙwayoyin da aka cire musu shi. Idan rayuwa da motsi suka dawo, sai a wuce zuwa gwaji a jikin ɓeraye.