Yadda Malami Zai Zaɓi Littafin da Zai Karanta wa Ɗalibai a Lokacin Kaka

Zangon farko na shekarar karatu yakan fara a watan Satumba, lokacin da damina ke bankwana, ya ƙare a Disamba bayan hunturu ya kankama, saboda haka kaka gaba ɗayanta a cikinsa take faɗawa. Malamin da ke riƙe da aji huɗu zuwa shida na firamare a birnin Kano zai ci riba matuƙa idan littafin da yake karanta wa yara da baki ya yi daidai da abin da idonsu ke gani a hanyar makaranta.

Kafin ka nufi shagon littattafai a Sabon Gari ko Laburaren Murtala Muhammad, fara duba abin da kaka ta kawo wa ɗan birni. Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa riƙe lauje ba, amma sun san dafaffiyar sabuwar gyaɗa da ake sayarwa a ƙofar makaranta, sun ga manyan motoci shaƙe da buhunan gero da dawa sun nufi kasuwar Dawanau, wasunsu kuma an kawo musu tsarabar hatsi daga ƙauye. Labarin da ya ambaci girbi, sussuka, shiƙa, rumbu, ko dambe da kokawar da ake yi bayan an kai amfanin gona gida, zai ba yaron sunayen abubuwan da ya saba gani bai san yadda ake kiran su ba. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun dace da wannan lokaci, domin da yawansu a kan gona da abinci da kwaɗayi suke, kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irinsu a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni.

Littattafan Turanci da ake shigo da su daga Ingila da Amurka suna buƙatar a yi hattara da su. Kakarsu ta ganyen itatuwa ce da ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa, da bukukuwan da yaranmu ba su sani ba, wasu ma iyaye ba za su yi na'am da su ba. Ban ce a guje su baki ɗaya ba, amma idan ka ɗauki ɗaya, ka shirya kwatanta shi da namu. Kuka tana kaɗe ganyenta da shigowar rani, shi kuwa gawo sai a lokacin yake yin kore shar, bayan ya kwashe damina ba ganye. Yaron da aka nuna masa wannan bambanci ya samu darasin kimiyya a cikin darasin karatu.

Abin da na fi so malami ya ba muhimmanci shi ne gwajin kunne. Ajujuwanmu cike suke maƙil, kuma wanda ke zaune a bencin baya ba zai hangi hoton da ke cikin littafi ba, don haka littafin da ya dogara da hotuna ba zai yi aiki ba komai kyansa. Ka zauna a gida ka karanta shafi biyu da murya sama, kana duba agogo. Idan numfashinka na yankewa a tsakiyar jumla, ko ka ci karo da baƙin kalmomi fiye da uku ko huɗu a shafi guda, ajiye shi. Ka nemi wanda mutanen cikinsa ke magana da juna, domin a nan ne za ka sauya murya, ka yi ta Gizo da tsamin bakinsa, ka yi ta sarki da nauyinta, har ka ga yaron da ke wasa da murfin biro ya saki baki yana sauraro. Wannan ne ya sa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tun ƙarshen shekarun 1930, yake da daɗin karantawa a aji har yau: labaransa gajeru ne, da yawansu sukan ƙare a zama ɗaya na minti goma zuwa sha biyar. Sai dai ka riga ka karanta kowane labari kai kaɗai, domin ba dukansu ne suka dace da ɗan shekara tara ba.

Ka kuma lura da bambancin ajujuwan. 'Yan aji huɗu sun fi jin daɗin labarin da ke ƙarewa a ranar, su kuwa 'yan aji shida suna iya bin dogon labari babi bayan babi har mako uku, musamman idan kana tsayawa a inda zance ya yi daɗi. Ka tanadi na girbi da gona don Oktoba da Nuwamba, sannan idan hazo ya sauko, yara suka fara zuwa da rigunan sanyi da man kaɗe a leɓe, ka koma ga labaran fatake da tafiye-tafiye, waɗanda a da can ma sai an gama aikin gona ake fita yin su.