In ka sauka Ingila, ga yadda za ka kare wayarka da akawun ɗinka daga 'yan damfara

Duk wanda na je na ɗauko a filin jirgi, ko Heathrow ko Manchester, kafin mu ƙarasa gida tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne, ina ake samun naman halal, ina masallaci mafi kusa, wace rigar sanyi zan saya. Ba wanda ya taɓa tambayata yaya zan yi da wayata, alhali wallahi ta nan aka fi cin sababbin zuwa, kuma tun a watan farko.

Abun da ya sa kuwa, a gida kai gwani ne. Wani ya kira ka ya ce daga banki yake, BVN ɗinka ya samu matsala ka karanto masa lambobin katinka, dariya ma za ka yi ka kashe waya, don ka san muryar 'yan 419 kamar yunwar cikinka. Amma nan ba ka san yadda hukuma take magana ba, ba ka san me take aikowa ta wasiƙa me take aikowa ta imel ba, ga Turancinsu na hanci da sai ka kasa kunne sosai, ga tsoron kar ka yi wani kuskure a taɓa maka biza. Kuma a makonnin nan na farko komai jira kake, katin banki, lambar inshorar ƙasa da ake aiki da biyan haraji da ita, kayan da ka yi oda, amsar mai gidan haya, to duk saƙon ƙaryar da ya shigo sai ya dace da wani abu da da ma kake tsammani. Da wannan suke cin kasuwarsu.

Ni kaina saura ƙiris. Sati na biyu da zuwana ina jiran wani bargo da na yi oda, sai ga tes wai an zo ba a same ni ba, in biya fam ɗaya da 'yan kai a sake kawowa, ga linki. Na danna, shafin ya fito tsaf da tambari da komai, har na rubuta suna da adireshi, da na zo wajen lambar kati ne Allah ya sa katin yana cikin wata jaka a ɗaya ɗakin, ƙyuyar tashi ce kawai ta cece ni ba wayo ba. Daga baya wani ɗan'uwa da ya daɗe a nan ya fahimtar da ni cewa ba fam ɗayan suke so ba. Bayanan suke so, bayan kwana biyu sai wani ya kira ka da murya mai daɗi ya ce daga sashen tsaro na bankinka yake, an ga ana ƙoƙarin kwashe maka kuɗi, ya faɗa maka sunanka da adireshinka daidai don kai ka ba su da hannunka, sai ya ce maza ka tura kuɗinka wani akawun na musamman a adana maka. Ka riƙe wannan da kyau: babu bankin da zai ce ka kwashe kuɗinka zuwa wani akawun don tsaro, 'yan sanda ma ba sa cewa haka. Kuma kar lambar da ta fito a fuskar waya ta ruɗe ka, suna iya sa ta fito sak irin wadda ke bayan katinka. Kashe wayar kawai, ba rashin kunya ba ne, sai ka buga 159, lamba ce da aka buɗe a 2021 wadda take haɗa ka kai tsaye da bankinka na gaskiya, yawancin manyan bankuna suna ciki. Tes ɗin damfara kuma ka tura shi 7726, kyauta ne.

Sai masu kiran tsoratarwa, waɗannan su suka fi ba ni haushi don ɗalibai suke bi. Wai daga Home Office ne, wato ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, an ga kuskure a takardunka, in ba ka biya tara yau ba gobe za a sa ka a jirgi. Ko wai daga hukumar haraji HMRC, ana bin ka bashi an ba da sammacin kama ka, ko wata murya ta na'ura ta ce an dakatar da lambar inshorarka danna ɗaya. Ƙarya ce duka. Home Office ba ta kiran mutum ta ce ya biya tara ta waya, kuma duk wanda ya ce ka je shago ka sayo katin kyauta na Apple ko Amazon ka karanto masa lambobin, ko ka biya da kirifto, ka san ɓarawo ne ko da kuwa ya rantse da abin da zai kashe shi. In hankalinka bai kwanta ba je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku, aikinsu ke nan. Za ka lura kuma kullum suna cewa kar ka gaya wa kowa, kar ka kashe waya, don sun san da zarar ka tambayi mutum ɗaya asirinsu ya tonu.

Tunda an zo maganar biza, katin izinin zama na BRP ya ƙare tun 31 ga Disamba 2024, yanzu izinin zamanka yana intanet ne a akawun ɗinka na UKVI, wato sashen biza na Home Office. Mai aiki ko mai gida in yana son tabbatar da kai, lambar rabawa (share code) za ka ciro masa daga akawun ɗin wadda take aiki kwana 90, ba kalmar sirrinka ba. Da yawanmu ejan ne ya cike mana takardu a gida, kuma imel ɗinsa da lambarsa ya sa. Ɗan'uwa shiga ka duba yau, in ba naka ba ne ka canza. Bai kamata izinin zamanka a ƙasa ya zama a hannun wani mai shago a wata nahiyar ba, ko da mutumin kirki ne, gobe zai iya rufe shagon ko a sace masa waya.

Yanzu bari in zo kan wadda ta fi cin mutanenmu, kuma ba a son faɗa saboda kunya, wato canjin kuɗi a guruf ɗin WhatsApp. Kowa yana yi, wa yake da fam yana son naira, wa yake da naira yana son fam, farashin ya fi na kamfanoni daɗi, gaskiya ne. Matsalar ita ce fam ɗin da zai shigo akawun ɗinka ba ka san daga ina ya fito ba. Na san wani bawan Allah, ɗalibi ne mai iyali, ya tura naira aka sako masa fam ɗari takwas daga sunan wani Bature da bai taɓa ji ba, mai canjin ya ce ai kwastomansa ne. Ashe wata damfara aka yi wa Baturen aka ba shi akawun ɗin ɗan'uwanmu. Bai cika sati ba banki ya rufe akawun, albashinsa na ciki, kuɗin haya na ciki, ya je reshe suka ce ba su da bayanin da za su ba shi. Nan ƙasar akwai wata ƙungiya Cifas da bankuna suke haɗa sunayen waɗanda aka samu da hannu a zamba, in aka sa maka alama tana iya kai shekara 6, kuma a tsawon lokacin buɗe wani akawun wahala, kwantiragin waya wahala, bashin sayen gida ma kar ka fara, wasu wuraren aikin ma suna dubawa. Dokar safarar kuɗin haram ta 2002 hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 14. Su a wurinsu wanda kuɗin ya bi ta akawun ɗinsa shi ne a hannu, ɓarawon na ainihi ya ɓace.

Haka nan mai cewa don Allah ara mini akawun ɗinka wani zai turo mini kuɗi nawa ya samu matsala, zan ba ka na goro. Mun taso da kara, ana jin nauyin cewa a'a musamman in babba ne ko ɗan garinku, amma a nan akawun ɗinka sunanka ne da mutuncinka a wurin hukuma. Ka ce Yaya ka yi haƙuri banki ya hana, in zai yi fushi ya yi. Tura kuɗi gida kuma ka bi kamfanin da yake da rajista da FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi, ana iya duba sunansa a shafinsu, ɗan bambancin farashin nan bai kai abun da za ka rasa ba.

Gidan haya ma haka. Za ka ga ɗaki a Facebook mai kyau ga araha, mai gidan ya ce yana Dubai ko yana aiki a teku, mutane da yawa suna so, tura kafin alƙalami a ajiye maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kar ka biya sisi sai ka shiga gidan da ƙafarka ko wani amintacce ya shiga maka. A Ingila dokar 2019 ta ce kuɗin riƙe gida kafin a sa hannu kar ya wuce hayar sati ɗaya, kuɗin ajiya na jingina (deposit) kuma ga gidaje irin namu kar ya wuce na sati biyar, wata dokar kuma ta ce dole mai gida ya sa kuɗin jinginar a tsarin ajiya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Masu sayar da takardar ɗaukar nauyin aiki kuma, wadda ake neman bizar aiki da ita, wallahi mutane sun sayar da filaye sun biya miliyoyi sun zo ba aikin. Gwamnati tana da jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata daga waje a shafinta da yake ƙarewa da gov.uk, amma ganin suna a jerin ma ba hujja ba ce cewa wanda kake hira da shi ɗan kamfanin ne, ka nemo lambarsu da kanka ka kira.

In ƙaddara ta riga fata an riga an cuce ka, kar kunya ta sa ka yi shiru, kira banki a take. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta tilasta bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har zuwa fam 85,000, sai dai tiransfa ce daga akawun na Birtaniya zuwa wani na Birtaniya, abun da ka tura waje ko ka ba da a hannu bai shiga ba, kuma in suka ga ka yi sakaci mai yawa suna iya ƙi. Ajiye sikirinshot na duk hirar kafin su goge.

Wayar kanta da kwamfuta ba wani dogon aiki ba ne. WhatsApp ka shiga saiti ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma lambobi shidan nan da suke zuwa ta tes kar ka karanta wa kowa, ko da an ce daga guruf ɗin masallaci ne za a yi taro ta intanet ana tantance mahalarta, da haka ake ƙwace lamba a shiga roƙon kuɗi wurin su Hajiya a gida da sunanka, su kuwa da sun ji ɗansu na Turai yana cikin matsala ba sa tsayawa tambaya. Imel ɗinka ka ba shi kalmar sirri tasa shi kaɗai don ta nan ake sake saita komai, hukumar tsaron intanet ta ƙasar NCSC shawararta ita ce ka haɗa kalmomi uku da ba ruwansu da juna, mu kuwa Hausa ta ba mu sa'a, ka haɗa irin su tukunya da raƙumi da damina, amma ba waɗannan ba tunda na rubuta su, kuma ba sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ba. Laftof ɗin da ka taho da shi wanda aka zuba masa Windows da manhajojin sata a shagon gyara, gara ka sa a goge shi a sa na gaskiya kafin ka shiga banki ko shafin makaranta da shi, jami'o'i da yawa suna ba ɗalibai Office kyauta. In ya ce zai yi afdet ka bar shi ya yi, a Mayun 2017 cutar kwamfuta WannaCry ta tsayar da asibitocin gwamnati na NHS da dama har aka soke dubban ganin likita, kuma kwamfutocin da ba a sabunta ba ta bi. Wayfai na gidan haya da kuke rabawa ku shida, a canza kalmar sirrinsa duk sanda wani ya tashi.

A Landan kuma ka rage tafiya da waya a hannu bakin titi, yara a kan keken lantarki suke fizgewa, kuma sun fi so su same ta a buɗe. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda, sa wa sim lambar sirri, kar lambar buɗe waya ta zama ita ce ta manhajar banki.

Layinka na gida, wannan kullum sai an manta da shi. Shi ne a jikin BVN ɗinka da bankunanka na Najeriya, wataƙila ma da WhatsApp ɗinka, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, sai alat ɗinka da lambobin tabbatarwa su koma wayar baƙo. Kar ka bar wa ƙaninka shi don ya riƙa kira, taho da shi, sa shi a waya mai sim biyu ko wata ƙaramar rakani kashi, ka riƙa sa masa kati kana tura tes ko ɗaya ne lokaci zuwa lokaci. Nawa duk ranar da albashi ya shigo nake tunawa da shi, in sa masa na ɗari biyar in tura wa Inna gaisuwa.