Yadda Ake Sauya Kafasitar Amfilifaya Mai Gurnani

Idan amfilifaya tana gurnani ko an rage murya gaba ɗaya, ka zare wayoyin da ke kawo mata sauti. In gurnanin yana nan, yawanci manyan kafasitocin (masu tara wuta su daidaita ta) da ke kusa da taransifoma ne suka bushe.

1. Cire amfilifayar daga soket. Kafasita tana riƙe wuta ko an kashe, don haka ka haɗa ƙafafunta da resista mai om 1000, wat 5, ka auna da mita har wutar ta kusa ƙarewa. Masu yi da sukundireba ganganci suke yi, tartsatsin yakan ƙona layukan allon da aka dasa kayan a kai.

2. Duba kawunan kafasitocin. Wadda ta kumbura ko ta zubo ruwa ta gama aiki. In biyu ne, sauya su tare.

3. Karanta jikinta: in an rubuta 4700µF 50V, nemi daidai wannan. Volt ya fi haka ba laifi, amma kada ya gaza. Da zafin garinmu, mai 105°C ta fi daɗewa.

4. Ɗauki hoto kafin ka narka dalma. Zanen da ke gefen kafasita alamar nagatif ce. In ka sa sabuwar a juye, fashewa za ta yi.

5. Gwada da tsohuwar sifika tukuna.