Yadda ake haɗa gawayi da totuwar masara ba tare da an sare itace ba

Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da ke bakin hamada, waɗanda shirin kafa shingen bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'aduwa da rani ba sai an yi masa bayani ba. Ana dashe, amma gatari ya fi dashen sauri, don dole a ɗora tukunya. Alhali abin da muke tarawa mu cinna wa wuta bayan girbi, totuwar masara da ɓawon gyaɗa da guntayen kara, gawayi ne da ba a sarrafa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: tsohuwar gangar ƙarfe mai cin lita 200, duwatsu uku, turmi da taɓarya, rariya, garin rogo da gwangwanin tumatir. Totuwa ta fi komai kyau, kuma mutanen Funtuwa da Bakori ba sa rasa ta. Kara mai kyau a bar wa dabbobi da masu danni, a ɗauki wanda ya kakkarye kawai.

A fara da ganga. A kai wa mai walda ya yanke baki mai faɗi a sama, ya bar murfin, ya huda ramuka biyar ko shida a gindi. Idan an taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki, a wanke ta sosai kafin a kusanto da wuta. Sai a ɗora ta kan duwatsun a fili, nesa da rumbu. A tsayar da sanda mai kauri a tsakiya, a zuba busasshiyar totuwa kewaye da ita, sannan a zare sandar. Ramin da ta bari shi ne hanyar iska.

A kunna wuta ta ƙasa. Daga nan ido ake sa wa hayaƙi, domin shi ne duk sirrin aikin. Da farko zai fito fari, mai kauri, wato danshi ne ke fita. Can sai ya sirance, harshen wuta ya bayyana a bakin ganga. To, lokacin rufewa ya yi. A mayar da murfi, a ture duwatsun da dogon ice gangar ta zauna a ƙasa, a tara yashi kewaye da gindinta, a liƙe bakin da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda ya yi gaggawa zai tarar da ɗanyar totuwa, wanda ya tsaya hira kuma toka zai kwasa. Kada a buɗe sai ƙarfen ya huce har hannu na iya dafa shi, don iska na shiga gawayi mai zafi zai sake kamawa.

Totuwar da ta yi daidai baƙa ce wuluk har ciki, ba nauyi, tana murƙushewa a tafin hannu. A daka, a tankaɗe. A ɗan yayyafa ruwa kafin daka, in ba haka ba ƙurar har cikin hanci.

Sai a dama garin rogo da tafasasshen ruwa ya yi kauri da yauƙi. Kwano ɗaya na garin zai riƙe kamar kwano goma na gawayi. A cakuɗa, a cura ɗan kaɗan kamar fura a gani. In ya wargaje a ƙara rogo, in yana ɗiga a ƙara gawayi. A danna shi da ƙarfi cikin gwangwanin da aka cire wa gindi, a soka tsinke mai kauri a tsakiya, a turo shi waje. Ramin tsakiyar nan yana sa shi saurin bushewa da kama wuta.

A shanya kwana uku zuwa mako guda, gwargwadon rana. Ya fi gawayin itace jinkirin kamawa kuma ya fi shi toka, gaskiya ke nan, amma in ya kama yana daɗewa a kurfoti, hayaƙinsa kaɗan. Kada ƙarancin hayaƙin ya ruɗi kowa lokacin hunturu: yana fitar da iska mai guba marar wari kamar kowane gawayi, don haka ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki.